Madam Fusena da Tafiyar Legon

Duk wanda ya saba bi ta bayan ƙaramar sakandaren nan ta Maamobi, a birnin Accra, da hantsi ya san muryar Madam Fusena, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Murya ce mai tsallake katanga, ta danne ƙarar injin niƙan da ke kusa, ta isa har wurin masu wankin mota. Mutanen unguwa kan ce faɗa gare ta. Ita kuwa ta ce ba faɗa ba ne, yara ne ba sa ji sai an ɗaga murya, iyayensu kuma ko an ɗaga ba sa ji.

A Nima, unguwar da ke maƙwabtaka da Maamobi, aka haife ta. Ita da Asana 'yan biyu ne, kamarsu ɗaya har mahaifiyarsu kan rikice in sun juya baya. Mahaifinsu tela ne, kakansa ya zo daga Katsina da fataucin goro, garin ya yi masa daɗi bai koma ba. Mahaifiyarsu 'yar ƙabilar Kotokoli ce mai sayar da koko da ƙosai. Asana tana gama ƙaramar sakandare ta ce ita da sukul sun raba gari, ta bi gwaggonsu Kasuwar Makola, yau ga ta da rumfar atamfa ta kanta. Fusena ta ci gaba. Burinta a lokacin ta zama mai haɗa magunguna, amma ranar da aka ce kowa ya zaɓi fannin da zai karanta a babbar sakandare, ba wanda ya gaya mata wane fanni ke kai mutum ina. Ta leƙa abin da ƙawarta ta zaɓa, ta zaɓi irinsa. Sai da ta kusa gamawa ta gane tun ranar nan ta rufe wa kanta ƙofa. Ta shiga kwalejin horon malamai, ta fito tana koyarwa, kuma ba ta ƙi aikin ba. Sai dai duk lokacin da ta ga yaro zai yi zaɓi da ka, ranta kan tashi kamar ita aka yi wa.

Saboda haka da sabon hedimasta ya zo ya ce yana son malamin da zai riƙa ba 'yan aji uku shawara kan sana'a da karatun gaba, sauran malamai kowa ya sunkuyar da kai yana duba waya, ita kaɗai ta ɗaga hannu. Daga baya ta sha cewa da ta san abin da ke ciki, da ita ma wayarta ta duba.

Ranar farko ta tsaya gaban aji ta ce kowa ya faɗi abin da yake so ya zama.

"Razak, fara."

"Ɗan ƙwallo, Madam."

Na kusa da shi ma ɗan ƙwallo. Na bayansa ma haka. Da ta juya wajen 'yan mata, wannan nas, waccan nas, da ta tambayi dalili suka ce don a tafi Ingila. Wani yaro ya ce bizines.

"Wane irin bizines?"

"Bizines kawai, Madam."

Wani kuma can ƙurya ya miƙe ya ce shi borga zai zama, wato mutumin da ya je Turai ya dawo da sarƙa a wuya da takalmi mai sheƙi.

"Borga ba sana'a ba ce!" in ji Madam Fusena. Masu wankin mota ma sun ji wannan.

Ta yi tunanin tunda yara ba su san ayyuka ba, bari ta kawo musu masu yin ayyukan su gani da ido. Ta roƙi wata nas 'yar unguwa ta zo ta yi musu magana. Nas ɗin ta zo a gajiye daga aikin kwana, ta zauna ta fara lissafa wahalhalun aikin, ta rufe da cewa ita ma takardunta na fita sun kusa. 'Yan matan suka tafa mata. Mako na gaba wani kawun Razak da ya dawo daga Jamus ya ji labarin ana gayyatar manyan mutane, ya gayyaci kansa. Ya shigo da ƙamshin turarensa ya gaya wa yara shi ko jarrabawar aji uku bai zauna ba, amma ga shi. Bai faɗi aikin da yake yi a can ba, da Madam Fusena ta tambaye shi sai ya ce harkoki ne da yawa. Sai da ta yi wata guda tana goge abin da mutumin nan ya shuka cikin rabin sa'a.

Wata rana tana cikin bayanin cewa akwai fannoni a jami'a da ba su taɓa jin sunansu ba, sai ta lura idanun yaran ba sa tare da ita. Ta tsaya.

"Wa ya taɓa shiga jami'ar Legon a cikinku?"

Ba ko ɗaya. Kullum suna jin yaran trotro, motocin hayar gari, suna kiran fasinjan Legon da na Madina, wasunsu sun sha wucewa ta bakin ƙofar a mota, amma ba wanda ya taɓa sa ƙafa ciki. Wata yarinya ta ce ita ta ɗauka sai da kati ake shiga, kamar filin jirgi.

Nan take ta yanke shawarar kai su. Hedimasta ya yarda, iyaye suka ba da izini, aka sami bas. Akwai tsohon ɗalibinta, Abdul-Hakim, da ke shekararsa ta ƙarshe a can, ya ce zai zagaya da su. Aka sa ranar Asabar. Madam Fusena ta ji a ranta cewa a karon farko abu zai tafi daidai.

Kuskurenta ɗaya, ta gaya wa Asana.

Asana ba ta yi da mugun nufi ba. Alfahari ne ya kama ta, tana auna wa wata mata atamfa a Makola ta ce, "Ai 'yar'uwata za ta kai yara jami'a ranar Asabar." Kafin maganar ta zagayo Maamobi ta yi ƙiba. Aka ce Madam ta sami hanya a Legon. Aka ce tun daga aji uku ake rubuta sunan yaro a ajiye masa wuri. Aka ce wasu Turawa ne za su ɗauki nauyin komai, har da fita waje. Mutanen da ba su taɓa gaishe ta ba suka fara tsayar da ita a hanya suna tambayar lafiyar maigida. Tana musantawa suna murmushi, suna cewa sun gane, ai irin wannan abu ba a faɗarsa a fili.

Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne wani biki da aka yi a unguwar Kokomlemle, wanda Asana ta je ita kuma ba ta je ba. Mata suka yi ta jan Asana gefe suna ce mata Madam, sun ɗauka Fusena ce, kowace da ɗanta ko jikanta. Fusena ta ji labarin washegari, ta hau mota har Makola.

"Asana, me kika gaya wa mutane?"

"Ni? In sha Allahu kawai na ce."

"In sha Allahu me?"

"In sha Allahu su kawo shi ranar Asabar."

Fusena ta dafe kai. "Me ya hana ki ce musu ba ni ba ce?"

"Haba Fusena, rabinsu a wurina suke sayen anko. Ni a rumfa ban saba ce wa mutum babu ba. Ke da kika iya magana, sai ki yi musu bayani."

Ranar Asabar da safe ta iso makaranta ta tarar da ƙofa kamar tashar mota. Ga 'yan ajinta cikin kayan makaranta an goge su tas. Ga kuma wasu da ba ta taɓa gani ba: wata mata riƙe da hannun yaron da bai wuce aji biyu na firamare ba, wani dattijo da ɗansa mai gemu ya sha taye yana rungume da takardunsa, 'yan mata daga wasu makarantu, kowa da guzurinsa. Madam Fusena ta hau matakalar bas ɗin ta yi bayani da Hausa. Ta sake yi da yaren Twi. Ta ƙara da Turanci. Ta ce ba wurin da ake ajiyewa, ba Bature, ba jirgi, kallo kawai za a je a dawo kafin la'asar, kuma 'yan ajinta kaɗai. Aka watse ana gunaguni, dattijon nan yana cewa dama ya san sai an yi son kai.

Da ta juya ta shiga bas, sai ga Mma Damata a kujerar gaba, ta ɗora ƙatuwar kular abinci a cinya.

Mma Damata kifi banda take sayarwa a kasuwar Nima, kuma ita ke riƙon jikarta Sahada tun da uwar yarinyar ta tafi aiki Saudiyya. Sahada na cikin masu ƙoƙari a ajin, amma shiru gare ta, sai ta wuni ba a ji muryarta ba. Kakar kuwa tun yarinyar na goye take kiranta Dokta.

"Mma, ina kwana. Motar yara ce."

"Lafiya lau, 'yata. Na sani."

"To ai sai ki sauka, lokaci na tafiya."

"Ni zan bar Dokta ta je wurin da ban gani ba? Ja mota, direba."

Sahada ta sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ta shige. Madam Fusena ta dubi tsohuwar, ta dubi kular, ta tuna cewa matar nan ta san mahaifiyarta tun ba a haife su ba. Ta ƙyale ta, ta nemi kujera a baya.

Da suka shiga jami'ar, hayaniyar bas ɗin ta mutu da kanta. Yaran da suka tashi a lungunan da mutum biyu ba sa iya jerawa suka ga titi mai faɗi ya miƙe, itatuwa dama da hagu, fararen gine-gine masu jan rufi. Razak ya manna fuska a gilashi ya ce, "Duk wannan filin, ba wanda ya gina shago?"

Abdul-Hakim na jiransu cikin kwat, duk da zafin da ake yi. Ya tara su ƙarƙashin wata bishiya ya fara jawabi da Turanci, irin Turancin da ko Madam Fusena sai ta kasa kunne. Yara suka yi tsuru-tsuru. Tana neman yadda za ta tsayar da shi ba tare da ta kunyata shi ba, sai Mma Damata ta riga ta.

"Kai yaro, ba kai ne ɗan mai gyaran rediyo na bayan masallaci ba?"

"Ni ne, Mma."

"To yi mana Hausa."

Ya cire kwat ɗin ya rataya a kafaɗa, ya koma ɗan Zongo. Daga nan tambayoyi suka ɓarke, sai dai ba irin waɗanda Madam Fusena ta kwana biyu tana shirya su a kai ba. A ina ake kwana? Wa ke dafa abinci? Ana duka in an makara? Razak ya ce a nuna masa filin ƙwallo kawai, sauran ya yafe. Da suka isa gaban babban ɗakin karatu, wanda ta yi niyyar su shiga su ga littattafai, sai kowa ya jera yana so a ɗauke shi hoto da wayar Abdul-Hakim.

Mma Damata kuwa tambayarta ɗaya ce, kuma ta yi ta maimaita ta a gaban kowane gini.

"Nan ne ake yin likitoci?"

A ƙarshe Abdul-Hakim ya ce mata ai yawancin karatun likita a asibitin Korle Bu ake yinsa, can wancan ɓangaren gari. Tsohuwar ta juyo ta yi wa Madam Fusena wani kallo.

"Ashe ma ba nan ba ne. Kin kwaso mu kin kawo mu inda ba shi ba."

"Mma, ni ban kwaso ki ba," in ji Madam Fusena, amma a hankali ta faɗa.

Bayan azahar, an yi sallah an ci shinkafa da wake da yajin shito daga kular Mma Damata, wadda ta ciyar da kowa har direba, Abdul-Hakim ya ce saura wuri ɗaya. Ya kai su sashen da ake nazarin ƙasa da ruwa, inda wata abokiyar karatunsa, Ayisha, 'yar Tamale, ke aiki a kan ambaliyar Accra. Ɗaki ne mai sanyi, yara sun gaji, wasu har sun fara hamma. Ayisha ta kunna babban allo, ta nuna musu birnin kamar yadda yake daga sama. Ta matso da hoton, ta matso, sai ga rufin kwano cunkushe, da wani dogon layi ya ratsa tsakiya.

"Wa ya gane nan?"

"Gota ce!" in ji yaran baki ɗaya. Babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi ce, wadda kowannensu ke tsallakawa kullum yana toshe hanci.

Ayisha ta danna wani abu, shuɗin launi ya fara bazuwa daga kwatar yana cinye gidaje. Ta ce haka ruwa ke bi in an yi ruwan sama mai ƙarfi. Sai aka ji wata ƙaramar murya.

"Anti, ga gidanmu nan."

Sahada ce. Ta matso har gaban allon ta ɗora yatsa a kan wani rufi da ke tsakiyar shuɗin. Ta tambaya me ya sa ruwan ke shiga nasu gidan ba ya shiga na tsallake. Ayisha ta nuna mata inda ƙasa ta yi gangare da inda kwatar ta tsuke. Sahada ta ce to in aka faɗaɗa nan fa? Ayisha ta ce sai ruwan ya tafi ya sami na ƙasa da ku. Sahada ta sake jefo wata tambayar, da wata. Madam Fusena ta shekara kusan uku tana koyar da yarinyar nan, ba ta taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Ta ce a ranta ko don wannan kaɗai wahalar ta biya.

Daɗin bai kai gida ba. Suna cikin bas a hanyar dawowa Sahada ta juyo ta ce, "Madam, ni aikin Anti Ayisha zan yi."

Mma Damata ta ajiye murfin kula. "Wane aiki?"

"Na ruwa, Kaka. Yadda za a gyara gota."

"Gota? La'ilaha illallahu! Na goya ki, na sha hayaƙin kifi don ki zama likita, ki ce mini gota?" Ta waiwayo baya. "Madam, abin da kika kawo ta ta gani ke nan? Gota muna da ita a ƙofar gida, sai an hau mota?"

Kafin Litinin duk Maamobi ta ji cewa Madam Fusena ta juya wa jikar Damata kai, ta raba ta da likita ta haɗa ta da kwata. Waɗanda aka hana shiga bas suka ce Allah ne ya tsare 'ya'yansu. Asana ta bugo waya tana tambaya ko gaskiya ne, don a Makola ana cewa yara aka kai su yashe magudanar ruwa.

Abin da ya fi ƙona wa Fusena rai shi ne, rigimar ba ta da tushe. Ta je har rumfar kifi ta yi wa tsohuwar bayani: likita da aikin ruwa duk fannin kimiyya ɗaya za a zaɓa a babbar sakandare, sai bayan shekara uku hanya ke rabuwa. Yanzu ba abin da za a yanke.

"To a rubuta likita," in ji Mma Damata.

"Ba wurin rubuta likita, Mma. Kimiyya ake rubutawa."

"Kimiyyar likita ko ta gota?"

"Ɗaya ce!"

"In ɗaya ce me ya sa sunansu biyu?"

Madam Fusena ta koma gida kanta na sarawa, ta ce wa mijinta gobe za ta ajiye aikin shawarar nan, wanda ya ga zai iya ya ɗauka. Mijin ya ce to. Ya san ba za ta ajiye ba, ita ma ta sani.

Aka yi zaɓi, aka yi jarrabawa. Razak, bayan doguwar muhawara, ya yarda ya tafi makarantar koyon sana'a ya karanci aikin lantarki, bisa sharaɗin cewa makarantar tana da ƙungiyar ƙwallo. Sahada ta ci da kyau, ta sami makarantar kwana a wajen Accra, fannin kimiyya. Mma Damata ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwar Madam Fusena da kyau, sai ranar da za a raka yarinyar tasha ta aiko mata da kifi banda a leda, ba saƙo. Duk da haka Fusena ta ci gaba da kare yarinyar a duk inda maganar ta taso. A gidan suna, a gidan biki, har a layin ɗibar ruwa, ta yi ta gaya wa mutane cewa unguwar nan tana buƙatar mai sanin ruwa, kuma wata rana za su gode wa Sahada.

Da aka yi hutun farko Sahada ta zo gaishe ta a makaranta. Ta ƙara tsawo, bakinta ya buɗe, tana ta ba da labarin ɗakin gwaje-gwaje da malamansu.

"To ya maganar ruwa?" in ji Madam Fusena. "Kina dai riƙe da lambar Ayisha ko?"

Sahada ta ɗan sosa ƙeya. "Ai Madam, na canza."

"Kin canza?"

"Wani ya zo ya yi mana magana a kan jiragen sama. Masu gyaran injinsu. Madam, in kin ga cikin injin nan..."

Madam Fusena ta ajiye jan biron da ke hannunta. Ta tuna bakin da ta ɓata a gidajen biki, ta tuna rumfar kifi. Za ta fara faɗa ke nan, sai ta ga yadda idanun yarinyar ke ƙyalli, ta fasa.

"Kakarki ta sani?"

"A'a. Na ce ko ke za ki gaya mata."

"Ni?" Wannan karon muryar ta tsallake katanga. "Ni zan gaya mata? Wallahi Sahada, ke da kakarki sai kun ga bayana!"

Ta yi ajiyar zuciya, ta ja kujera da ƙafa ta tura mata.

"Zauna. Wane darasi suka ce ana buƙata? Lissafinki ya yake yanzu? Kar ki ce mini lafiya lau, kawo sakamakon in gani."